BA KOWACE KYANWA CE KYANWAR LAMI BA

Yau zancenmu a kan kyanwa ne, watau mage, musamman irin wadda aka tsinta a wahale aka raina, daga baya kuma aka tashi ba da ita ga wani gida. Na san wata za ta ce, "Duk matsalolin da suka dame mu, a rasa abin tattaunawa sai kyanwa?" Ki yi haƙuri 'yar'uwa, ki biyo ni sannu. A kan kyanwa na taɓa ɓata da maƙwabciyar da muka yi shekara tara muna zaman lafiya, kuma laifin nawa ne.

Hausawa kan ce kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. Duk wadda ta taɓa kiwon kyanwa ta san irin wannan a bakin mutane kaɗai take. Kowace kyanwa da halinta, kamar yadda kowane ɗan Adam yake da nasa. To, ran da za ki ba da ita, za ki faɗi halin nan ne, ko kuwa za ki rufe?

ABIN DA YA FARU DA NI

Wata shekara da damina, bayan an ɗauke ruwa, 'ya'yana suka tsinto wata 'yar kyanwa a bakin kwata. Ta jiƙe sharkaf, haƙarƙarinta duk a waje, tana ɗingisa ƙafar baya, da gani ka san jifa ta sha. Muka kwantar da ita kusa da murhu, muka riƙa ba ta romo da kan kifi har ta murmure. Yara suka sa mata suna Tsintuwa.

Da ta girma sai ta zama gwanar kamun ɓera. Cikin 'yan watanni ba ka ƙara jin motsi a ɗakin ajiyarmu. Amma tana da hali uku da kowa a gidan ya sani. Ba ta ƙaunar ƙaramin yaro, in ya nufo ta da gudu sai ta kai masa yakushi. Ba ta ganin ɗan tsako ta ƙyale shi. Sa'an nan ta iya ture murfin kwano in ba a ɗora masa dutse ba. Mu dai ba mu da kaji, yaranmu kuma sun yi wayo, don haka muka zauna da ita lafiya.

Ana nan sai aka yi wa maigida canjin wurin aiki zuwa wani gari, gidan da za mu shiga kuwa na haya ne, da mutane da yawa. Saura kwana uku motar kaya ta zo, sai ga maƙwabciyata ta shigo. Ta ce, "Maman yara, na ji ba za ku tafi da magen nan ba. Ki ba ni ita mana, ɓeraye sun hana ni sakat." Na ce, "Ai kin fi ƙarfin wannan, Yaya." Har ta kai bakin ƙofa sai ta juyo ta ce, "Ba ta dai ɓarna ko?" Na san tana da kaza mai 'yan tsaki, na san jikanta yana rarrafe a tsakar gidanta. Duk da haka na yi dariya na ce, "Haba Yaya, ai kyanwar Lami ce." Tsorona kada ta fasa, in rasa inda zan kai ta.

Bayan wata biyu na zo garin biki, na shiga gaishe ta. Ta karɓe ni ba yabo ba fallasa. Da na tambayi Tsintuwa sai ta ce, cikin 'yan tsaki tara, bakwai ta cinye. Ran da ta yakushi jikanta a ƙarƙashin ido, saura kaɗan ta taɓa idon, maigidanta ya sa aka cusa ta a buhu aka kai ta bayan gari aka yar. Sai ta dube ni ta ce, "Da kin gaya mini gaskiya, da gidan ƙanwata na kai ta. Ba ta da kaji, ba ta da ƙaramin yaro, ga ɓeraye sun ishe ta."

Wannan magana har yau tana raina. Ashe akwai gidan da ya dace da Tsintuwa, unguwa ɗaya ce tsakaninmu da shi, ƙaryata ce ta hana ta isa can. Na ba da haƙuri, ta ce ba komai, muna gaisawa har gobe. Amma na lura, daga ranar, in na faɗi abu sai ta ƙara tambayar wani.

YADDA AKE YI A WASU ƘASASHE

Mu nan kyauta muke ba da kyanwa, daga hannu zuwa hannu. A Ingila da Amurka kuwa akwai gidaje na musamman da ake tara karnuka da kyanwoyin da suka ɓata, ko waɗanda masu su suka mutu ko suka kasa riƙe su. Za mu iya kiransu gidajen marayun dabbobi. Akwai wani shahararre a birnin Landan da ake kira Battersea, wanda wata mata mai suna Mary Tealby ta kafa a 1860 saboda karnuka, a 1883 kuma aka fara karɓar kyanwoyi. Akwai kuma ƙungiyar Cats Protection da aka kafa a 1927 don kyanwoyi kaɗai. A irin waɗannan gidaje akan rubuta halin kowace dabba, kuma kafin a ba mutum sai an tambaye shi ko yana da yara ƙanana, ko yana da wasu dabbobi, ko gidansa na bakin titi ne. Dalili kuwa shi ne sun gane dabbar da aka ɓoye halinta dawo da ita ake yi, kuma kowace dawowa tana ƙara mata tsoro.

Ga wani labari da ya faru a Amurka. A watan Janairu na 2020, wani gidan marayun dabbobi a gundumar Mitchell, cikin jihar Karolina ta Arewa, ya sa sanarwa a Facebook game da wata kyanwa mai suna Perdita, wadda aka kawo musu bayan mai ita ya rasu. Cikin raha suka kira ta kyanwar da ta fi kowace kyanwa mugun hali a duniya. Suka ce da fari sun zaci ciwo ne ke damunta, likita ya duba ya ce lafiyarta lau, hali ne kawai. Suka bayyana cewa ba ta son yara, ba ta son karnuka, ba ta son 'yan kyanwa, ba ta kuma son a rungume ta. Wata sai ta zaci wannan sanarwa za ta kori kowa. To, takardun neman ta 175 aka aiko. Masu gidan suka zauna suka tantance, suka ba wani mutum da matarsa daga jihar Tenesi, waɗanda suka karɓe ta suna sane da ko wace ce.

Haka kuma akwai wani muzuru mai suna Larry da aka tsinta yana gararamba a titunan Landan aka kai shi Battersea. A watan Fabrairu na 2011 aka ɗauke shi zuwa gidan Firayim Ministan Birtaniya, mai lamba 10 a titin Downing, domin kamun ɓera. Bai daɗe da zuwa ba ya yakushi wata 'yar jarida a gaban kyamara. Firayim Ministan lokacin, David Cameron, ya faɗa da bakinsa cewa muzurun yana ɗari-ɗari da maza, yana kuma zaton wahalar da ya sha a baya ce ta jawo haka. Duk da wannan ba a kore shi ba. A 2024 Keir Starmer ya zama Firayim Minista na shida da ya zauna gida ɗaya da shi. Kun ga ke nan hali in an san shi, akan san yadda za a zauna da shi.

ME KE SA KYANWA TA YI HAKA?

Kafin ki faɗi halin kyanwarki, yana da kyau ki san tushensa, domin ki iya yi wa mai karɓa bayani ba tare da kin ɓata dabbar ba.

Masana halayyar dabbobi sun gano cewa tsakanin mako 2 zuwa mako 7 da haihuwa ne 'yar kyanwa take sabawa da mutane. In a wannan lokaci hannu mai taushi ya riƙa ɗaukarta, takan tashi da son mutane. In kuwa a kango ta yi waɗannan makonni, ko jifa da kora ta fara sani, da wuya tsoron ya fita gaba ɗaya. Yawancin yakushin kyanwar da aka tsinta daga tsoro yake fitowa. Ita ma takan yi gargaɗi kafin ta kai hannu: za ki ga tana kaɗa wutsiya da ƙarfi, ta kwantar da kunnuwa baya, baƙin idonta ya buɗe. Babba yakan lura ya janye, amma yaro mai rarrafe bai san wannan ba.

Farauta kuwa a jininta take. Ƙoshi ba ya hana ta, kuma ba ta bambanta ɓeran da kike so ta kama da ɗan tsakon da kike tattali. Kartar tabarma da kujera ma ba ƙeta ba ce, gyaran farce take yi, tana kuma barin ƙamshin tafinta a wurin don ta shaida nan gidanta ne. In aka ajiye mata guntun itace mai kaushi sau da yawa takan koma kansa. Zirga-zirgar asuba da ta magariba ita ma ɗabi'arta ce, don a lokutan ne ta fi farauta.

Akwai halin da ciwo ke kawowa. Kyanwar da ta saba fita waje ko zuwa kaskon yashi, in ta fara fitsari a ɗaki, ko tana yunƙuri ba ya fita, a kai ta asibitin dabbobi, wataƙila mafitsara ce. Muzurun da ba a yi wa fiɗiya ba shi ne ya fi fesa fitsari a bango, da faɗa, da kwana a waje, kuma fiɗiya a hannun likitan dabbobi tana rage wannan ƙwarai. Macen kuwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, cikin nata mako 9 ne kacal. Duk wadda za ta karɓi mace ya kamata ta san haka tun da wuri.

ABIN DA YA KAMATA KI FAƊA

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In mai karɓa ta zo, ki zaunar da ita ki gaya mata waɗannan abubuwa, ko ta tambaya ko ba ta tambaya ba.

Na farko, inda kika samo ta da halin da kika same ta a ciki. In tsintuwa ce ki ce tsintuwa ce.

Na biyu, zamanta da yara. Ta taɓa cizo ko yakushi? Wa ta yi wa, kuma me yake yi mata a lokacin? Kada ki ce "ba ta da faɗa" alhali kin san ranar da ta fitar wa wani jini. Ki faɗi abin da idonki ya gani, alal misali, "In an taɓa cikinta takan yi cizo," ko "Ba ta son a ɗauke ta, amma takan zo da kanta ta kwanta a gefenki."

Na uku, zamanta da kaji da tantabaru da zomaye. Wannan shi ne abin da ya fi haddasa rigima tsakanin maƙwabta, domin kyanwa ba ta san iyakar katanga ba.

Na huɗu, tsabtarta da satarta. Ina take kashi da fitsari? Tana hawa kan kwanuka? Tana buɗe murfi? Mai sana'ar kifi ko nono ko dambun nama tana da haƙƙin ta sani.

Na biyar, lafiyarta. An yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare ko ba a yi ba? Tana da ƙuma, ko ƙurji, ko ciki?

Na shida, kada ki manta da alherinta. Gaskiya ba ta tsaya ga faɗin aibu kaɗai ba. In gwanar ɓera ce ki faɗa, in mai tsabta ce ki faɗa. Kada kuma ki ƙara gishiri a kan laifinta har ki tsorata mai niyyar alheri.

Daga ƙarshe ki ce mata, "In zama bai yiwu ba, don Allah ki dawo mini da ita, kada a yar." Wannan kalma ɗaya tana iya ceton ran dabba.

Bayan abin da ya faru da Tsintuwa na sake rainon wani muzuru da aka yasar a kasuwa. Shi ma mafarauci ne, ga tsoron mutane. Mata biyu suka zo nemansa, na gaya musu halinsa, suka ce a kai kasuwa. Na ji ba daɗi, amma na daure. Ta ukun wata dattijuwa ce mai sayar da hatsi, ita kaɗai a sashenta. Da na gama lissafa mata sai ta yi dariya ta ce, "'Yar nan, ni ɓera nake so ya kama, ba hira nake nema ba." Ya shekara shida a wurinta.

GA MAI KARƁA

Ke ma da za a ba, kada kunya ta hana ki tambaya don wai kyauta ce. Ki tambayi dalilin da ya sa ake rabuwa da ita. Ki dubi gidanki da idon basira: kina da jariri, kina da kaji, maigida yana so? In an gaya miki gaskiya kika ga ba za ki iya ba, ki ce ba za ki iya ba, ba a ɓata ba.

In kin karɓa, ki ware mata wuri ɗaya mai shiru, da ruwa da abinci da kaskon yashi. Masu kula da kyanwoyi a Ingila suna ba da shawarar a tsare sabuwar kyanwa a cikin gida mako 3 zuwa 4 kafin a bar ta ta fita, in ba haka ba takan nemi komawa inda ta fito ta ɓata a hanya. In ta ɓuya ƙarƙashin gado kwana biyu ko uku ki ƙyale ta, baƙunta ce. Kada ki yanke mata hukunci a makon farko.

In ta ciji wani ko ta yakushe shi har jini ya fito, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi umarni, sa'an nan a tafi asibiti, musamman in ba a san ko an yi mata rigakafi ba. Mai juna biyu kuma ta bar wa wani kwashe kashin kyanwa, domin akwai ƙwayar cutar da kan fito a cikinsa wadda ke iya cutar da ɗan da ke ciki.

ABIN DA ADDINI YA KOYA MANA

Addininmu bai raina kyanwa ba. Babban sahabin nan Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, saboda 'yar kyanwar da yake ɗauka ya sami wannan laƙabi. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito cewa kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da kawowa a tsakaninmu. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, har ta mutu. Ashe haƙƙin wannan 'yar dabba abin tambaya ne gobe kiyama.

Game da ɓoye aibu kuwa, Muslim ya ruwaito daga shi Abu Huraira ɗin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, sa'an nan ya yi gargaɗi mai tsanani a kan algus. A wani hadisin na Hakim ɗan Hizam an nuna cewa mai saye da mai sayarwa in sun yi gaskiya sun bayyana, akan sa musu albarka, in sun ɓoye sun yi ƙarya, akan shafe albarkar. In haka abin yake a ciniki, ina ga kyautar da aka yi don zumunci?

GARE KU 'YAN MAKARANTA

'Ya'yana, ku ne kuka fi tsinto 'yan kyanwa, ku ne kuma kuka fi rarraba su ga ƙawaye. Ku bari 'yar kyanwa ta kai mako 8 a wurin uwarta kafin ku raba su. Kada ki ba ƙawarki sai mahaifiyarta ta sani ta yarda. Ki gaya mata halinta duka, ko da kuwa hakan zai sa ta fasa. In kun ga ƙannenku suna jifan kyanwa ku hana su, domin jifan yau shi ne yakushin gobe.

Yarinyar da ta saba faɗin gaskiya a kan ƙaramin abu irin wannan, ita ce za ta iya faɗinta ran da aka zo tambayarta halin wanda ke neman auren ƙawarta, ko ran da take sayar da akuyar da ta san tana da ciwo. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ni na shiga na gani.

Ina fata duk wadda ke da kyanwar da take shirin bayarwa za ta tuna da Tsintuwa. Wadda kuma ta taɓa gamuwa da irin wannan, ta rubuto mana mu ƙaru da juna. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar abin da ya sa a hannunmu, mai magana da marar magana, amin. Sai mun sake saduwa a wannan fili, ku huta lafiya.